Na Je Neman Ranar Asabar a Pearl Harbor

Ƙarfe huɗu na asuba waya ta tashe ni a masaukina na Honolulu. Ƙanena ne, wanda ke aikin soja, ya kira daga inda aka tura su. A wajensu ƙarfe uku ne na rana, domin sa'a goma sha ɗaya ce tsakanin Najeriya da Hawai.

"Yaya, ka sauka lafiya? Ya gajiyar hanya?"

Na ce gajiya ta bi lafiya. Muka gaisa, na tambaye shi aiki, sai ya shiga ba ni labari irin wanda ya saba: waken da aka dafa musu jiya bai nuna ba, sabulunsa ya ƙare, takalminsa ya fara cin ƙafa, albashi bai shigo ba tukuna. Tun da ya shiga soja haka hirarmu take. Ban taɓa jin ya ɗauko zancen fagen fama da kansa ba. Idan Hajiya ta matsa masa da tambaya, sai ya ce, "Hajiya, mu dai ku ci gaba da yi mana addu'a," ya juya maganar zuwa wanki da abinci.

Na gaya masa taron da ya kawo ni ya ƙare, kuma yau zan je Pearl Harbor, inda Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a 1941. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Yaya, in ka je ka duba mini inda suke kwana, da abin da suke ci."

Da wannan saƙo na fita. Kowa yana zuwa wurin ne don safiyar Lahadi, 7 ga Disamba. Ni kuwa sai na ƙudurta zan nemi ranar Asabar da ta gabace ta, da sauran ranakun da suka gabaci Asabar ɗin.

Kafin in fita na yi sallar asuba, kuma a nan na fara jin nisan da na yi da gida. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, a Honolulu alƙibla tana arewa ne, ta ɗan karkata yamma. Na duba wayata sau biyu kafin zuciyata ta natsu. Tsibiran nan suna tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 3,900 daga gaɓar Kalifoniya, ba wata babbar ƙasa kusa da su ta kowace fuska. Yaron da aka ɗauko daga gonar masara a tsakiyar Amurka aka kawo shi nan a 1940, shi ma a wata duniya ya tsinci kansa, duk da cewa tutar ƙasarsu ce ke kaɗawa. A lokacin Hawai ba jiha ba ce, yanki ne da Amurka ke mulka. Sai a 1959 ta zama jiha.

Na hau bas daga unguwar Waikiki. Muka ratsa tsakiyar gari, muka wuce filin jirgin sama, muka bi titin Kamehameha, tafiyar wajen sa'a guda. A bakin ƙofa ba a shiga da jaka ko wace iri ce, sai ka ba da ajiya. Na shiga da wayata da ɗan littafin rubutu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin. Na zaci zan ga teku shimfiɗe ba iyaka, sai na tarar da ruwa kwance kamar babban tafki, tsibirin Ford a tsakiya, duwatsu kore shar a bayansa. Mashiga ɗaya ce siririya ta haɗa shi da teku. Mutanen ƙasar suna kiran wurin Puʻuloa, wasu kuma Wai Momi, wato ruwan lu'ulu'u, saboda kawar da ake samu a cikinsa a da. Amurka ta sami izinin amfani da shi tun 1887, zamanin da Hawai take da sarautarta. A 1893 aka tumɓuke Sarauniya Liliʻuokalani, a 1898 Amurka ta haɗe tsibiran, a 1908 aka kafa sansanin sojan ruwa.

Amma rundunar Fasifik ba a nan take zaune ba. Gidanta yana Kalifoniya, a San Pedro da San Diego, inda matan sojojin da 'ya'yansu suke. A bazarar 1940 rundunar ta zo Hawai atisaye, kowa yana lissafin ranar komawa, sai umarni ya zo daga Shugaba Roosevelt cewa a zauna, don Japan ta ga ƙarfin Amurka kusa da ita ta shiga taitayinta. Kwamandan rundunar, Admiral James Richardson, bai yarda da shawarar ba. Ya je har Washington ya faɗi ra'ayinsa: wurin ba shi da isassun kayan gyara da na mai, kuma an raba mutane da iyalansu ba tare da an gaya musu ranar komawa ba. A watan Fabrairun 1941 aka sauke shi, aka naɗa Admiral Husband Kimmel. Wannan magana ta Richardson ta tsaya mini a rai. Duk wanda yake da ɗan'uwa a soja ya san abin da ya fi nisa ciwo shi ne rashin sanin ranar dawowa.

Wata goma sha tara ke nan, ko kusan haka, dubban samari suna zaune a wannan ruwa suna jira.

Su wane ne? A ɗakunan tarihi biyu da ke wurin akwai hotunansu, kuma na daɗe a gabansu. Yara ne. Ana ɗaukar mai shekara 17 idan iyayensa sun sa hannu. Yawancinsu sun taso ne cikin matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa Amurka daga 1929, lokacin da masana'antu suka rufe, gonaki suka bushe, magidanta suka bi layin karɓar abinci. Ga irin wannan yaro, aikin sojan ruwa yana nufin abinci sau uku a rana, da takalmi, da sana'ar da zai koya. Kurtu yana farawa da dala 21 a wata. In ya ɗan daɗe ya koma 36, in ya ƙara gaba 54. A cikin wannan ne da yawa suke yanke wani abu a aika wa uwa a gida. Ban buƙaci kowa ya fassara mini wannan ba, don na san gidajen da tukunyarsu ke jiran albashin soja.

Saƙon ƙanena ya sa na tsallaka zuwa tsibirin Ford, inda aka ɗaure jirgin yaƙin Missouri ya zama gidan tarihi. Shi wannan jirgi bai ga harin ba, sai a 1944 aka sa shi a ruwa, kuma a kansa ne Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945. Jama'a suna ta cincirindo wajen tambarin da aka kafa a daidai inda aka sa hannun. Na duba shi na wuce, na gangara ƙasa ta wani tsani mai tsayuwa kamar na rijiya.

Can ciki ne na ga abin da na zo nema. Gadaje na ƙarfe jere bisa juna, tsakanin wani da wani bai fi ka shiga a kwance ba. Idan na sama ya juya, na ƙasa ya sani. Ko'ina bututu ne da wayoyi da warin fenti da man inji. Kuma wannan ci gaba ne, domin a tsofaffin jirage irin Arizona, wanda ya fara aiki tun 1916, da yawa daga ƙananan sojoji a raga suke kwana, wani ƙyallen tamfol da ake ratayawa a ƙugiya biyu. Da asuba in an busa bigila, kowa ya sauko ya naɗe ragarsa ya ɗaure ta tamau ya kai ma'ajiya. Ɗakin da aka kwana shi ne ɗakin cin abinci: a sauko da tebura da bencina daga inda aka maƙale su a rufi, a aiki ƙananan yara su ɗauko abinci daga kicin a manyan kwanuka, a ci, a wanke, a mayar da tebura sama. A wasu ɗakunan ma har da bindiga a gefe, bakinta yana leƙen teku. Duk abin da mutum ya mallaka a duniya yana cikin buhun tamfol guda da ɗan akwati.

Babu na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarfe ne ya sha ranar Hawai tun safe, ga tukunyar inji a ƙasa. Shi ya sa da dare masu neman iska suke ɗaukar shimfiɗa su hau doron jirgi, ƙarƙashin rumfunan tamfol da ake kafawa in ana tashar ruwa. Na tuna yadda muke fitar da tabarmi tsakar gida a watan Afrilu.

Na hau sama na tsaya a kan daɓen katako. Manyan jiragen yaƙin wancan zamani ana shimfiɗa musu katakon tik a kan ƙarfe, kuma wannan katako shi ne azabar kurtu. Ana zuba ruwan teku da yashi, a jera samari ba takalmi, kowa da sanda da wani dutse mai kamar bulo a ƙarshenta, su dinga goga shi gaba da baya a tare, katako bayan katako, har ya yi fari. Wanda ba ya gugar daɓe yana kankare tsatsa, ko yana shafa fenti inda ya kankare jiya, ko yana goge tagulla har ta ɗauki ido. Gishirin teku ba ya hutawa, don haka su ma ba sa hutawa. Ana gadi na sa'a huɗu-huɗu dare da rana, ana buga ƙararrawa duk rabin sa'a. Ƙarfe takwas na safe a ɗaga tuta, kowa ya ƙame. Ruwan daɗi kuwa daga na teku ake tace shi, saboda haka ba a wasa da shi, wanka da wanki duk da lissafi. Ga fararen kaya da dole su kasance fes in za a fita gari ko in kyaftin zai duba sahu ranar Asabar.

Ba kullum suke ɗaure ba. Ana fita teku rukuni-rukuni a yi atisayen harbi da na tafiyar dare ba fitila, a dawo. Sai dai an saba yawancin manyan jiragen suna cikin tasha a ƙarshen mako, kuma wannan sabo bai ɓoyu ga kowa ba. Wani jami'in leƙen asirin Japan, Takeo Yoshikawa, da ke aiki a ƙaramin ofishin jakadancinsu da sunan aro, yakan hau wani gidan shayi a kan tudu ya zauna yana ƙirga jirage.

Abinci fa? Nan na yi murmushi na rubuta don ƙanena. Akwai nama da dankali da burodin da ake gasawa a cikin jirgi, da kofi wanda ba ya yankewa. Kuma a al'adar sojan ruwan Amurka, karin kumallon ranar Asabar wake ne da burodin masara. Giya kuwa haramun ce a jiragensu tun 1914, lokacin da sakataren sojan ruwa Josephus Daniels ya hana. Abin da ya maye gurbinta shi ne askirim. Manyan jirage suna da ɗan kanti da suke kira gidank, inda ake sayar da askirim da lemo da alewa da sigari. Ka yi tunanin ƙato mai loda harsashin da ya fi shi nauyi sau da yawa, ya tashi aiki ya bi layi da kwabbansa yana jiran askirim. Da na ga hoton irin wannan layi sai na ƙara ganin ƙuruciyarsu.

Da yamma akan kafa farin ƙyalle a bayan jirgi a nuna majigi. Akwai wasannin ƙwallo, da tseren kwale-kwale, da dambe, kowane jirgi da zakaransa, kuma ana alfahari da shi kamar yadda unguwa take alfahari da ɗan dambenta. Sai wasiƙa. Jirgin ruwan fasinja irin Lurline yana ɗaukar wajen kwana biyar daga Kalifoniya. Mai gaggawa kuma, in yana da kuɗin kan sarki, ya aika ta jirgin saman Pan American mai sauka a kan ruwa, wanda tun 1935 yake sauka a Pearl City, cikin wannan tasha. Ranar da buhun wasiƙu ya iso, wanda aka kira sunansa ya koma lungu yana karantawa, wanda ba a kira ba ya koma bakin aikinsa.

Akwai wani hoto da na tsaya a gabansa fiye da sauran. Baƙar fata ne, ƙaƙƙarfa, da farin kaya, lambar yabo a ƙirjinsa. Doris Miller, ɗan manoma daga Waco ta jihar Texas, an haife shi a 1919, ya shiga sojan ruwa a 1939. A wancan lokaci baƙar fata ba shi da aikin da aka yarda ya yi a rundunar sai hidimar hafsoshi: ya kai abinci, ya gyara gado, ya goge takalmi, ya tattara wanki. Haka ma 'yan Filifin da 'yan tsibirin Guam. Ba a koya musu harba bindiga a matsayin sana'arsu, ba su da hanyar zama injiniya ko mai sarrafa rediyo, komai ƙwaƙwalwarsu. Miller shi ne zakaran damben masu nauyi na jirgin West Virginia. Wato jirgin yana tafa masa in ya shiga fage, sannan gobe ya koma ɗaukar faranti. Safiyar Lahadin nan ya gama raba karin kumallo yana tattara kayan wanki aka fara ruwan bama-bamai. Ya taimaka aka janye kyaftin ɗinsu, Mervyn Bennion, da ya ji mummunan rauni, sannan ya kama bindigar harbo jirgin sama da ba a taɓa koya masa ba ya yi ta harbi har harsashi ya ƙare. A watan Mayun 1942 Admiral Nimitz, kwamandan rundunar Fasifik a lokacin, ya maƙala masa lambar jarumta ta Navy Cross. A Nuwamban 1943 ya mutu, lokacin da aka nutsar da jirgin Liscome Bay.

Ana yawan ba da labarin bindigar. Ni kwandon wankin ne ya tsaya mini a wuya. Fiye da shekara biyu yana wannan hidima, a rundunar da ta riga ta yanke masa iyakar inda zai kai saboda launin fatarsa, kuma ba wanda ya rubuta waɗannan ranaku. Ina ganin duk wanda zai yaba jarumtarsa, wajibi ne ya faɗi zaluncin da aka yi masa kafin ranar, in ba haka ba yabon bai cika ba.

Da lokacina ya yi, na shiga layin kwale-kwalen da ke kai mutane kan Arizona. Sojojin ruwa ne suke tuƙa shi, da fararen kaya. Wadda ta ɗaure igiya a namu yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar autarmu ba. Ginin tunawar fari ne, an gina shi a gicciye bisa jirgin da ya nutse ba tare da ya taɓa shi ba, an buɗe shi a 1962. Da muka shiga sai surutu ya ɗauke. Ta gefe kana hango jirgin a ƙarƙashin ruwa, tsatsa ta cinye shi, kifaye suna shiga suna fita. Wani ƙaton zoben ƙarfe, mazaunin ɗaya daga manyan bindigoginsa, ya ɗago sama da ruwa. Can sai ga ɗigon baƙin mai ya taso, ya baje, ya yi launi-launi, ya tafi, wani ya biyo shi. Ranar Asabar, 6 ga Disamba, aka cika wa jirgin tankunansa. Man da ke tasowa yau, na ranar Asabar ɗin ne.

A ƙarshen ginin akwai bangon farin dutse da sunaye. Mutum 1,177 suka mutu a wannan jirgi kaɗai, cikin Amurkawa 2,403 da harin ya kashe, kuma fiye da 900 suna nan a ciki har yau. Na bi sunayen da ido, sai na dinga ganin sunan gida ɗaya sau biyu a jere. Wa da ƙane ne. Rundunar takan bar 'yan'uwa su yi aiki a jirgi guda, su kuma suna nema, don a rage kewa. Gida 23 ne suka rasa 'ya'yansu biyu ko fiye a nan. Akwai ma uba da ɗansa, Thomas Free da William Free. Na yi tunanin uwar da hankalinta ya kwanta don ƙaramin yana kusa da babban, zai kula da shi. Da ni da ƙanena ne, haka Hajiya za ta so. Idona ya cika, na juya na fuskanci ruwa har aka kira mu.

Da la'asar na koma cikin gari neman titin Hotel, a unguwar 'yan Sin. Nan ne ƙafar sojan ruwa take fara sauka in ya sami izinin fita. Daga jirgi ƙaramin kwale-kwale ya kai shi gaɓa, daga nan bas ko tasi ko jirgin ƙasa ya kawo shi Honolulu. Yawanci ana sauke su ne a gaban ginin YMCA (ƙungiyar samari Kiristoci) na soja, wanda yake nan har yanzu, an mai da shi ofisoshin gwamnati da gidan adana zane-zane. Daga nan titin ya miƙe. A wancan zamani cike yake da mashaya, da shagunan masu zanen jiki, da wuraren harbin wasa, da masu ɗaukar hoto inda yaro zai biya a ɗauke shi kusa da wata mai rawar gargajiyar Hawai da ake kira hula ya aika gida. A saman benaye kuma gidajen karuwai ne, waɗanda doka ta hana amma 'yan sanda suke tsara yadda ake gudanar da su, ana bin layi tun daga titi. Ƙaramin soja dole ya koma jirgi kafin tsakar dare, 'yan sintirin rundunar suna zagayawa da kulake.

Ban ga amfanin ƙawata wannan ba. Dubban samari ne, ba iyaye, ba mata, ba dangin da za su je wa, a garin da 'yan matansa ba su kai yawansu ba kuma iyayen 'yan matan ba sa son ganinsu a ƙofar gida. Manyan otal na Waikiki, irin Royal Hawaiian mai launin hoda da aka buɗe a 1927, sun fi ƙarfin mai dala 21. Hotunan talla sun nuna musu aljannar duniya, abin da suka samu shi ne titi guda mai cunkoso da sa'o'i kaɗan. Wasu sun lalace a nan, wasu kuma iyakarsu su ci abinci a Wo Fat, su rubuta wasiƙa a YMCA, su koma. Ginin Wo Fat yana nan da rufinsa irin na Sin, na tsaya na ɗauki hotonsa. Na wuce ta gaban Smith's Union Bar, tsohuwar mashayar da ake cewa mutanen Arizona sun fi zama. Titin yanzu shiru-shiru ne, sai bas-bas da masu sayar da furanni da wasu marasa galihu a bakin shaguna.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan sai ga fadar Iolani, inda aka tsare sarauniyar da aka tumɓuke. Na zauna a inuwar wata bishiya a harabar ina tunanin masu ƙasar. Su ma suna da nasu labarin game da baƙin nan masu fararen kaya. A 1932 wani hafsan sojan ruwa, Thomas Massie, da surukarsa da wasu sojoji biyu suka sace wani saurayi ɗan asalin Hawai, Joseph Kahahawai, suka kashe shi bisa zargin fyaɗen da kotu ba ta tabbatar ba. Aka yanke musu shekara goma-goma, gwamna ya mayar da hukuncin sa'a ɗaya. Shekara tara kacal ke nan kafin harin, kuma mutanen gari ba su manta ba. Sama da kashi ɗaya cikin uku na mazauna tsibiran a lokacin 'yan asalin Japan ne, suna aiki a gonakin rake da shaguna da jiragen kamun kifi, ana yi musu kallon zargi tun kafin a harba harsashi ɗaya. Tausayin da nake ji wa yaran cikin jirgi bai hana ni ganin wannan ba.

Ita Asabar ɗin da na zo nema, ga abin da na tattaro daga cikinta. Da safe an duba sahu. Jirgin gyara mai suna Vestal ya zo ya ɗaure a gefen Arizona don wasu 'yan aikace-aikace. Da rana an yi wasan ƙwallon Amurka a filin wasa na Honolulu, Jami'ar Hawai da ta Willamette. Kirsimeti saura kwana goma sha tara, masu ɗan kuɗi suna sayen tsarabar da za su aika gida don ta isa a kan lokaci. Da dare aka cika zauren Bloch da ke cikin sansanin, ana gasar 'yan badujalar jirage, ana rawa. 'Yan badujalar Pennsylvania suka yi nasara a daren. Na Arizona sun riga sun tsallake nasu zagayen, suna jiran na ƙarshe da aka sa ranar 20 ga wata. Su ashirin da ɗaya ne, kuma aikinsu in yaƙi ya tashi shi ne miƙa albarushi a can ƙasan jirgi. Babu wanda ya fita a cikinsu. Daga baya sauran 'yan badujalar suka amince a ba su kofin.

A daren nan tashar rediyon KGMB ba ta rufe ba, ta kwana tana sa kiɗa don wasu jiragen saman Amurka da ke tahowa daga Kalifoniya su bi sautin su gane hanya. Jiragen Japan shida masu ɗaukar jiragen sama, waɗanda suka baro gida tun 26 ga Nuwamba, suna arewa da tsibirin suna jin kiɗan su ma. Ƙarfe 7:55 na safiyar Lahadi, lokacin da harin ya fara, 'yan badujalar jirgin Nevada suna jere suna shirin taken ƙasa, wasu suna shirin zuwa coci, wasu suna barcin Lahadi.

Wutar da ta tashi a nan ta kai har gidajenmu. Cikin 'yan watanni Japan ta mamaye Bama, kuma daga 1943 aka kwashi dubban samarinmu a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan zuwa dazukan Bama. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je. Mu yara mukan roƙe shi labarin yaƙi, shi kuwa sai ya ba mu labarin makonnin da suka yi a teku, da amai, da shinkafar da ta ishe su, da wani abokinsa da ya iya ɗinki. A lokacin mukan ji kamar ya hana mu labarin ne.

Na yi sallar magariba a masallacin da ke unguwar Manoa, na koma masauki. Wajen ƙarfe takwas na dare, lokacin gari ya waye a wajensu, na kira ƙanena.

"Yaya, ka je?"

Na ce na je. Na gaya masa ragar kwana, da teburan da ake ratayewa a rufi, da dutsen gugar daɓe, da dala 21, da askirim. Ya yi ta tambaya: sau nawa suke wanki, wa ke yi musu aski, ana ba su hutun zuwa gida? Na amsa abin da na gani. Da na ce masa ranar Asabar wake suke karyawa da shi, sai ya yi dariya har da tari.

"Ashe su ma wake," in ji shi. "Allah Ya sa nasu yana nuna."

Ban ba shi labarin bangon sunaye ba, shi ma bai tambaya ba. Na ji ana kiransa daga nesa. Ya ce, "Yaya, an busa, sai mun yi magana. Ka gaida Hajiya in ka kira ta, ka ce mata ina lafiya." Na ce Allah Ya tsare, ya ce amin, ya kashe wayar.